Mai tsere ta unguwar Zango

Assalamu alaikum. Ni 'yar Damagaram ce, a unguwar Zango aka binne cibiyata, kuma shekaruna yanzu sun doshi hamsin. Sana'ata tuƙi da gyaran mota. Na taɓa shiga tseren motoci a hamadar Maroko, tun daga lokacin kuma mutanen unguwa suka laƙaba mini “Mai tsere”, har yaran da ba a haifa ba sa'ad da abin ya faru haka suke kirana. Wasu cewa suke na je babban tseren Dakar, wasu cewa suke na kayar da Turawa na ciyo kofi. Ba haka aka yi ba. Gara in faɗa da bakina kafin gishirin ya yi yawa.

Mahaifina makanike ne. Garejinsa fili ne da rumfar kwano da rami guda, ba nisa da tasha. Peugeot 404 da 504 su ne abincinsa na kullum, sai Land Rover, sai manyan Berliet masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas. 'Ya'yansa na fari duk mata muka zo, ni ce ta uku, kuma ni ake aike da kwanon abincin rana. In na kai sai in ƙi komawa gida. Da wankin noti a cikin gazuwal na fara, daga nan aka koma “miƙo mini sha uku”, “miƙo mini sha bakwai”. A jikin kile, ƙarfen kwance noti, na san lambobi kafin mushe, wato malaminmu, ya rubuta mana su a allon lakwal, makarantar boko. Inna ba ta so ko kaɗan. Takan ce da shi, “Malam, ka bar yarinyar nan cikin ƙattai, wa zai aure ta da hannu kamar gindin tukunya?” Shi kuma ba mai yawan magana ba ne, sai ya ce, “Ai sabulu bai ƙare a kasuwar Dole ba.”

A watan Janairu na 1986, ina 'yar shekara goma, tseren Paris–Dakar ya sauka garinmu. Daga cikin Tenere suka gangaro, su kwana, washegari su kama hanyar Yamai. Motoci da babura da manyan kamiyo masu fenti kala-kala, ga jirage suna sauka, ga ƙurarsu ta hau kan ƙurar hunturu. Manyan kamfanoni da makanikansu suka zo, da injin wutarsu, ba ruwansu da kowa. Amma tseren yana da nasa talakawan, waɗanda suka tara 'yan kuɗinsu suka sayi mota suka shiga don kansu, babu mai gyara musu sai su. Irin waɗannan ne suka bazu cikin gari da dare suna neman mai walda.

Bayan isha'i aka kawo wa Baba wata kat-kat, motar shiga daji, da ƙarfen ƙafarta ta baya ya tsage. Mutum biyu ne a ciki. Da suka fito sai na ga ɗayan mace ce, gashi ya cukurkuɗe da ƙura, leɓɓa duk sun farfashe. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta kwanta ta shige ƙarƙashin motar tana nuna wa Baba inda ya tsage, ni kuma aka ɗora mini fitila in haska musu. Har tsakar dare ina riƙe da fitilar nan, hannuna ya sage amma na ƙi ba kowa. Ban ga gudunsu ba, a tsaye na gan su. Abin da na gani shi ne namiji yana tambayar mace abin da za a yi wa mota, ta faɗa, a yi. Kwana kaɗan bayan sun wuce muka ji a rediyo cewa Thierry Sabine, mutumin da ya ƙirƙiro tseren, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali, ran 14 ga wannan watan.

Kada a ɗauka kowa ya yi murna da su. Dattawan tasha cewa suke, waɗannan mutane sun ƙona man da zai yi shekara yana kai hatsi ƙauye, don kawai a ce wane ya riga wane. Kuma gaskiya ce tseren ya sha take dabbobi, ya sha kashe yara a ƙauyukan ƙasashen da yake ratsawa. Na girma da maganganun nan biyu a kaina, sha'awar abin da kuma sanin cewa ba don mu ake yin sa ba, har yau kuma babu wadda ta kori ɗaya.

Tuƙi a cikin gareji na koye shi, matsar da wannan, juya waccan, shigar da ita kan rami ba tare da taya ta zame ba. Lakwal ban yi nisa ba, amma na fito da faransancin da zan karanta takardar mota. Ina shekara sha takwas aka yi mini aure da wani malamin lakwal, mutumin Mirya, na ajiye kile na shiga ɗaki kamar kowa. A shekarar ce, 1994, aka karya darajar sefa. Kayan gyaran da ake saye jika goma ya koma ashirin, masu motoci suka daina biya a kan lokaci, yaran gareji suka watse wasu Kano wasu Libiya, idon Baba kuma ya fara hazo. Yana jin ciwon inji da kunne tun daga bakin titi, amma ba ya ganin ƙaramin noti. Ƙannena maza ba su tasa ba. Wata rana na durƙusa gaban maigidana na ce, “Mushe, in ka yarda zan riƙa zuwa ina zama idon Baba.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ki je. Amma magariba ta same ki a gida.”

Surukata ce ta fi ɗaukar zafi. Ta ce, “'Yar nan, ɗana ya gaza ciyar da ke ne?” Na ce, “A'a Hajiya, mahaifina ne ya gaza gani.” Ba ta sake tayar da maganar a gabana ba, ko da yake na san ana yi a gidajen biki. Zani ba ya shiga ƙarƙashin mota, don haka na sa tela ya ɗinka mini wando mai faɗi da riga har gwiwa, kallabi kuma in ɗaure in cusa bakinsa cikin wuyan riga, don na taɓa ganin yadda bel ɗin fanka ya fizge rawanin wani. Da waɗannan kayan na je na ci jarrabawar permi.

A 1997 tseren ya tashi daga Dakar ya zo Agadas ya juya ya koma. Direbobin da suka sauko daga can suka zo gareji da labarin wata Bajamushiya da ta riga maza duka a zango guda na tseren, abin da mace ba ta taɓa yi ba. Jutta Kleinschmidt ke nan. Daga nan na shiga farautar labarinta, a rediyo, da tsofaffin mujallun motoci na Faransa da ake sayarwa a kan tabarma. Injiniya ce, ta yi aiki a kamfanin BMW, kuma da babur ta fara shiga tseren a 1988 kafin ta koma mota. A 1999 ta zo ta uku. A 2001 ta cinye tseren gaba ɗaya da Mitsubishi Pajero, namiji ne kuma, Andreas Schulz, yake zaune a gefenta yana karanta mata hanya. Ranar Baba ya sa na maimaita masa labarin, ya ƙirga da yatsu ya ce, “Shekara sha uku tana bin abu ɗaya. Wannan ba sa'a ba ce.” Shekara guda kafin nan, a 2000, mutanenmu sun shirya tarbar tseren, sai aka ce akwai barazanar 'yan bindiga a arewa, aka kwashe motocin da jirage daga Yamai zuwa Libiya. Masu abinci da masu mai da suka zuba jari suka tashi a tutar babu.

Ƙofata ta buɗe ne ta hanyar da ba na fata a sake gani. Bayan fari da farar 2004, yunwar 2005 ta shigo, ƙungiyoyin agaji suka cika Damagaram da Maraɗi, kowace tana neman direbobi. Na kai takarduna wata ƙungiya. A layin gwaji ni kaɗai ce mace, wani ma ya tambaye ni ko shara na zo nema. Aka ce kowa ya sauya taya, ya yi baya-baya tsakanin ganguna, sannan a fita bayan gari cikin rairayi. Motar gwajin ta mutu a hannun na gabana, ya yi ta murza makulli har batir ya fara kasawa. Na roƙi izini na buɗe gaba, na ga iska ce ta shiga hanyar gazuwal, na yi famfo na fitar da ita, mota ta tashi. Ba a yi mini wata tambaya ba bayan wannan.

Da farko Magarya da Matamai da Tanut nake zuwa, ɗaukar yara masu tamowa da iyayensu. Daga baya aka mayar da ni hanyar Gure da Tasker har duwatsun Termit, kuma a nan ne na san ashe ban iya tuƙi ba tukuna. Aka haɗa ni da wani tsoho Batube mai nuna hanya. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma shi ne malamina. Shi ya koya mini cewa rairayi da sanyin safiya yana da ƙarfi, da rana ta take sai ya saki, don haka wuri mai wuya da asuba ake ratsa shi. Ya koya mini duba fuskar tudu: gefen da iska ke bugawa a daddale yake, gefen da take zubar da yashi kuwa laushi ne da gangare mai tsaye, kuma tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kana iya sanin abin da ke bayan tudu tun ba ka hau ba. In launin ƙasa ya sauya ya yi fari-fari sai ya ɗaga hannu, “'Yata, kauce, gari ne,” wato ƙasar nan mai laushi da ke haɗiye mota har ciki.

Sauran na haɗa da abin da na sani na ƙarfe. Kafin shiga rairayi a rage iskar taya sosai don ta baje, amma da an fito wurin ƙaya ko dutse a mayar, in ba haka ba gefen tayar zai yage. Ba a taka birki da ƙarfi, mota ake bari ta tsaya da kanta, in da hali tana kallon gangare. Tudu a miƙe ake hawansa, ba a karkace ba, a ɗaga ƙafa daidai lokacin da hancin mota ya kai ƙoli. Ka ɗaga da wuri ka zauna a kan ciki, ka makara ka tashi sama ka faɗo da ka. In taya ta fara haƙa, a tsaya nan take. Mai ƙara wuta don zuciya kabarin motarsa yake tonawa. A sauka, a yi shebur, a shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin taya, a fita a hankali. Kowace yamma a kakkaɓe matatar iska, a tsince ƙarangiya da ciyawar da suka toshe gaban radiyeta. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake buƙatar ƙarfin namiji, sai dai shebur, shi ma wadda ta saba daka ba za ta ji tsoronsa ba.

Kuma gudu muke yi, ba na wasa ba. Allurar rigakafi a cikin akwatin ƙanƙara take, dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, ƙanƙara kuwa ba ta jiran kowa. Wani lokaci mace ce a baya haihuwa ta gardama, kowane tsalle na mota ihu ne a kunnenka, kowane jinkiri kuma jini ne. Nan na koyi gudun da ba ya girgiza mota, kuma daga baya na gane shi ne ainihin abin da manyan direbobin tsere suke nema, don wanda ya karya mota bai isa ba balle ya ci.

A wannan aiki na haɗu da wata nas Bafaransa. Madam nake ce mata da farko, daga baya muka zama ƙawaye har tana cin tuwon Inna da hannu. Tana son taswira, kullum da ita a cinya tana gwada abin da tsoho ya faɗa da abin da takarda ta nuna. Ita ta fara ce mini, “Kin san abin da kike yi ɗin nan wasu biya suke yi a bar su su yi shi?” Na yi dariya. Lokacin ma tseren Dakar ya bar mu: an soke na 2008 bayan kashe wasu Faransawa masu yawon buɗe ido a Muritaniya, daga 2009 aka kai shi Kudancin Amurka. Da aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, aka kuma ɗauke wasu samari Faransawa biyu a Yamai a farkon 2011, Turawa da yawa suka tattara, ita ma ta koma gida.

Ban zaci zan sake jin ta ba, sai ga waya. Ta ce akwai wani tsere a Maroko na mata zalla, Rallye Aïcha des Gazelles, ana yin sa tun 1990, mata biyu a kowace mota. Ta ce ta samo masu ɗaukar nauyi a garinsu, ta yi hayar mota, direba take nema. Kuɗin shiga kaɗai da ta faɗa mini ya haura albashina na shekara biyu. Ni abin da aka nema a wurina fasfo ne da hutu daga aiki da izinin maigida. Mushe ya ce sai an gaya wa Baba. Baba, wanda lokacin ba ya gani sam, ya ce, “Wace mota ce?” Na ce Land Cruiser. Ya ce, “To, kin san ta. Allah ya tsare.” Shekarar da ta biyo bayan buɗe matatar mai ta Soraz ce, a watan Maris, na hau bas zuwa Yamai, na hau jirgi zuwa Kasabalanka.

Wannan tseren ba a cin sa da gudu. Kowace safiya ana ba ku wuraren da aka kafa tutoci a cikin daji, ku nemo su bi da bi, kuma wadda ta same su da mafi ƙarancin kilomita ita ce a gaba. Babu waya, babu na'urar tauraron ɗan'adam. Tsohuwar taswira ce, da abin ja layi, da busol, 'yar allurar nan mai nuna arewa. Ita ma busol ɗin ba a karanta ta a cikin mota, don ƙarfe yana ruɗa ta. Sai ƙawata ta sauka ta yi taku da dama, ta auna, ta nuna mini wani dutse ko itace can nesa ta ce “can”. Aikina in kai mu can a miƙe gwargwadon iko. Rigimar duk a nan take: layi ya ce a bi ta kan tudu, ni na ga tudun zai ci mu, kewayawa kuma kilomita ce a kanmu. Mun yi faɗa a motar nan ba kaɗan ba, da faransanci da hausar da ta tsinta a Tasker.

A tudun rairayin Merzouga na ji ni a gida. Motoci suka yi ta nutsewa hagu da dama, ni kuwa muryar tsohon nan kawai nake ji. Mun tsaya mun taya wasu haƙa, don a can in ka wuce mutum yau gobe kai ne a rami. Wata ta tambaye ni a wace makarantar tuƙi na koyi rairayi, na ce mata a hanyar kai rigakafi. Duwatsu ne suka ci mu. Ƙasarsu tana da filayen baƙin dutse mai kaifi da busassun koramu masu gaɓa a tsaye, abin da ban saba da shi ba, tayoyi suka yi ta fashewa, wata rana dare ya same mu ba mu kai tutar ƙarshe ba muka kwana a waje. Ba mu zo cikin na gaba ba, ba mu kuma zo a wutsiya ba. Motarmu dai da ƙafarta ta isa bakin teku a Essaouira inda ake rufe taron, ranar ce kuma na fara taka ruwan teku.

Yawancin matan da na gani can ba sana'arsu ba ce, likitoci ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis. Amma akwai 'yan kaɗan da tsere ne abincinsu, kuma wata daga cikinsu ta zauna da ni wani dare ta warware mini yadda abin yake. Ta ce a wannan sana'a, in ka cire 'yan ƙalilan da kamfanonin motoci ke biya, kujera sayenta ake yi. Direba ne yake zuwa da kuɗi, ya biya mota da makanikai da taya da mai da inshora da takardar izinin tsere, in ya fasa mota kuma a wuyansa. Ta ce rabin shekararta a ofisoshi take ƙarewa tana roƙon a liƙa suna a jikin motarta, kuma mace in ta yi haɗari sau ɗaya sai a ce mata ba su iya ba, namiji kuwa a ce tsautsayi ne. Ita ta ba ni labarin Michèle Mouton, Bafaransar da ta ci gasar Sanremo a 1981 da Audi Quattro, ta zo ta biyu a duniya a 1982. Ita ma, in ji ta, mahaifinta ne ya saya mata motar tserenta ta farko. Na ce a raina, nawa mahaifin kile ya ba ni. Kafin mu rabu ta ce hannuna yana da kyau, in na samo mai ɗaukar nauyi in neme ta.

Na dawo da zafina. Mushe ya taya ni rubuta takarda, muka liƙa hotuna, na fara bin ƙofofi. Wani babban Alhaji mai motocin sufuri, wanda Baba ya yi wa gyara shekara da shekaru, ya karɓe ni da mutunci, ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, “'Yata, in jari kike so ki faɗa, in kujerar Makka ce ki faɗa. Amma in ba ki miliyoyi ki je ki kashe mota a yashin wasu, me zan ce wa mutane?” A Yamai wani jami'in talla na wani kamfani ya fi shi fitowa fili. Ya ce kuɗinsu a kokowa da ƙwallo suke sa shi, don ranar da ake kokowar takobi ƙasa duka tana gaban tele, tseren mota kuwa wa zai gani? Na fito raina a ɓace, amma a cikin bas, kilomita wajen 900 ina tunani, na kasa samun inda ya yi ƙarya. Babu wanda ya ce mini don ke mace ce. Wataƙila wasu sun raya a zuci. Abin da na tabbata shi ne ko namiji ne ya je da takardar nan, amsar da zai samu ke nan.

Shekaru suka ja, maganar ta mutu da kanta. Hanyoyin da nake bi ma suka lalace, musamman gabas bayan harin Diffa da Bosso a 2015, aka koma tafiya da rakiyar soja ko a fasa. Baba ya rasu, na ajiye aikin ƙungiya na karɓi gareji tare da ƙanena.

Har yanzu duk Janairu ina bin tseren a waya. Tun 2020 a Saudiyya ake yin sa, ƙasar da sai a 2018 aka bar mata su yi tuƙi, amma a 2022 ga 'yar ƙasar, Dania Akeel, a cikin tseren da hular kwanonta. A 2024 wata 'yar Sifen, Cristina Gutiérrez, ta ci rukuninta na ƙananan motoci. Ina jin daɗi in na gan su, ina kuma jin wani abu yana sukata, ba zan ɓoye ba. Kuma in ana zancen gwanayen rairayi nakan tuna direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku, masu ratsa Tenere da Hilux cike da mutane da jarkoki, babu taswira babu makanike a baya. Da za a ba ɗayansu irin motocin can, da an ji labari. Ba wanda zai ba su, su ma ba su da lokacin wasa.

Yanzu a cikin yaran garejina akwai 'yan mata biyu. Ɗaya don sana'a ta zo, kuma za ta yi nisa, hannunta a wutar mota ya fi nawa. Ɗayar 'yar ƙanwata ce, ita tsere take so, ta cika wayarta da bidiyon motoci suna tsalle a kan tudu. Ta ce, “Inna, ke kin je, ni ma sai na je.” Ban hana ta ba, ban kuma yi mata alkawarin komai ba. Na ce ta koma ta gama lakwal, ta riƙe faransanci ta ƙara da turanci, ta iya lissafin kuɗi da rubuta wa kamfani takarda, don waɗannan ne suka tsayar da ni, ba tudu ba. Mahaifinta ya yarda da sharaɗin ba za ta taɓa sitiyari a titi ba sai ta sami permi.

Akwai wata tsohuwar Land Cruiser da muka saya a matsayin ƙarfe, muna tayar da ita a hankali in aiki ya yi sauƙi. Inji ya tashi, ƙafafu sun zauna, saura akwatin bitesi, wato giya, da muka aika a nemo mana a Kano. In ya iso, ita za ta ɗaura shi da hannunta ina tsaye, sannan mu fita hanyar Tanut da asuba ta fara koyon rage iskar taya.